Na gyara hoton Mama, ta ce ba ita ba ce

Wata mai bibiyar wannan fili ta rubuto:

"Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce, na kusa shekara ina koyon ɗaukar hoto da wata tsohuwar kyamara da yayana ya bar mini. Damuwata ita ce hotunan a dusashe suke fitowa, sai in sa su a manhajar gyaran hoto in yi ta ƙara musu launi da tazarar haske da duhu har su yi mini kyau. A wayata kuwa gwanin sha'awa. Kwanan baya na ɗauki mahaifiyata, na raba dare ina gyarawa, na kai aka wanke mini babba don in faranta mata. Ta karɓa ta daɗe tana kallo, sai ta ce, 'Wannan ai ba ni ba ce.' Gaskiya goshinta ya yi jajir, gefen fuskarta ya nutse cikin baƙi, zanen jar rigarta ma ya ɓace. Wani abokin karatuna da ya riga ni fara hoto ya ce duk gyara ha'inci ne, mai hoto na gaske abin da kyamara ta ba shi yake nunawa. Tun ranar ban sake buɗe manhajar ba. In daina gyara ne gaba ɗaya, ko kuwa ni ce ba ni da hannun wannan aikin?"

Ƙanwata,

Mama ta yi gaskiya, abokin karatunki bai yi ba, kuma babu wanda maganarsa ta isa ta sa ki ajiye kyamara. Da Mama ta ce ba ita ba ce, ba ƙoƙarinki ta kushe ba. Ta nuna miki ne daidai inda gyaran ya wuce gona da iri, kuma babu mai gane hakan kamar mai fuskar. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Bari in fara sallamar abokin nan naki, don maganarsa ce ta fi karya miki gwiwa. Babu hoton dijital da ba a gyara ba. A mafi yawan kyamarori, kowane ɗigo na sensa, wato farantin da ke karɓar haske, launi ɗaya kawai yake gani: ja, kore ko shuɗi, kuma rabin ɗigogin duk na kore ne. Wani masanin kamfanin Kodak mai suna Bryce Bayer ne ya tsara wannan jeri, aka yi masa rajistar mallaka a 1976. Daga wannan ɗanyen bayani ne 'yar kwamfutar da ke cikin kyamara take ƙiyasta sauran launuka biyun na kowane ɗigo, ta yanke hukuncin abin da za a kira fari, ta ƙara launi, ta buɗa tazarar haske da duhu, ta kaifafa gefuna, sannan ta miƙo miki JPEG, wato gamammen fayil ɗin hoto da aka saba gani. Ashe abin da yake kira "abin da kyamara ta ba shi" gyara ne da injiniyoyi suka tsara, ba su taɓa ganin Mama ba, ba su san hasken da kika ɗauke ta a ciki ba. Ko a zamanin fim haka abin yake. Ansel Adams, shahararren mai hoton nan na Amurka, ya ɗauki wata yana fitowa a kan ƙauyen Hernandez a 1941, kuma ya shafe shekaru yana sake wanke hoton, sararin samaniyar yana ƙara duhu a wankin baya fiye da na farko. Ba a kira shi maha'inci ba.

Iyaka dai akwai ta. A gasar hotunan 'yan jarida ta World Press Photo ta 2015 an cire kusan kashi ɗaya cikin biyar na hotunan da suka kai zagayen dab da na ƙarshe saboda gyara, kuma cikin laifukan har da duhunta wani sashe na hoto har abin da ke wurin ya ɓace. Ke ba 'yar jarida ba ce, dokarsu ba ta hau kanki ba, amma ma'aunin nasu zai yi miki amfani: muddin gyara ya shafe wani abu da ke nan a zahiri, to ya zarce. Gefen fuskar Mama yana nan, zanen rigarta yana nan, gyaranki ya cinye su.

Yanzu ga ainihin matsalar. Kin ga hoto a dusashe sai kika ɗauka launi ne ya yi masa kaɗan. Galibi ba haka ba ne. Haske ne bai zauna daidai ba, kuma launi shi ne abu na ƙarshe da ya kamata hannunki ya taɓa. Ke kuma da shi kike farawa.

A hoton JPEG, kowane ɗaya daga cikin launukan nan uku yana da matakai 256, daga 0 wanda shi ne baƙi ƙirin zuwa 255 wanda shi ne ƙurewar haske. Kusan kowace manhaja tana da wani ɗan zane mai tuddai da ake kira histogiram. Hagunsa duhu, damansa haske, tsayin tudun kuma yawan ɗigogin da ke kowane mataki. Buɗe ɗaya daga cikin hotunanki masu dusashewa ki duba. Ina kyautata zaton za ki tarar tudun ya cunkushe a tsakiya, gefe da gefe fayau. Ma'ana babu baƙi na sosai a hoton, babu fari na sosai, komai ya tsaya a ruwan toka. Maganinsa shi ne ki ja maɓallin baƙi har ya taɓa gindin tudun ta hagu, ki ja na fari har ya taɓa gindinsa ta dama, ki tsaya nan. A manhajojin gyara na Photoshop da Lightroom, in kika danne maɓallin Alt na kwamfuta kina ja, allon zai nuna miki wuraren da suka fara ƙonewa ko nutsewa. Da kin ga ɗigogin farko sun ɓullo, ki ɗan koma baya. Abin da zai ba ki mamaki shi ne launukan za su farfaɗo da kansu ba ki taɓa maɓallin launi ba, domin faɗaɗa tazarar haske da duhu yana faɗaɗa tazarar da ke tsakanin ja da kore da shuɗi a kowane ɗigo, wannan tazarar kuwa ita ce ƙarfin launi. To ki lissafa abin da kika yi wa hoton Mama: kin ƙara kwantiras, wato tazarar haske da duhu, wanda ya riga ya ƙara launi, sannan kika ɗora sachureshan, wato ƙarfin launi, a kai. Sau biyu ke nan kika yi abu ɗaya.

Kafin ma wannan akwai daidaita fari. Haske yana da launinsa, ana auna shi da ma'aunin Kelbin: ƙwan lantarki mai zare wajen 2700 zuwa 3000, mai ja-ja, hasken rana wajen 5500, inuwa kuma 7000 ko fiye, mai shuɗi-shuɗi. Idonmu yana gyara wannan da kansa har ba ma lura, kyamara kuwa kintata take yi, wani lokaci ta kuskure. In hoto ya riga ya karkata zuwa rawaya sannan kika ƙara masa ƙarfin launi, karkatar kika ninka. Nemi wani abu a hoton da kika san fari ne ko ruwan toka, bango ko takarda, ki taɓa shi da ɗan tsinken daidaita fari da ke cikin manhajar. Sau da yawa daga nan ma hoto yake buɗe ido.

Sai maɓallin da ya yi miki ɓarnar. Sachureshan tamkar ƙure muryar rediyo ne: kowa da ke magana a ciki muryarsa za ta ƙaru, mai raɗa da mai ihu, kuma mai ihun ne zai fara tsagewa. Launin da ya riga ya yi ƙarfi shi ke fara kaiwa 255, daga nan kuma babu gaba. Zanen jar rigar nan bambanci ne tsakanin ja mai ɗan duhu da ja mai ɗan haske. Da kika tura su duka suka ƙure, sai suka zama ja ɗaya shafal. Akwai wani maɓalli kusa da shi, baibirans, wanda ya fi shi hankali: yana ɗaga launukan da suka yi rauni, ya sassauta wa masu ƙarfi, kuma an tsara shi ya riƙa tausaya wa launin fata. In dole ne ki ƙara launi ga hoton gaba ɗaya, da shi za ki ƙara, kaɗan. Amma ni na fi son ki saba da sashen da ke raba launuka ɗaya-ɗaya, inda za ki iya ƙarfafa shuɗin sama ko koren ganye ba tare da kin taɓa fuska ba. A can ma akwai wata dabara: maimakon ki ƙara wa shuɗi ƙarfi, ki ɗan rage masa haske. Sama za ta yi zurfi, ba za ta yi kama da fenti ba.

Batun fata ya cancanci mu ɗan zauna a kansa, don a nan ne hotunan mutane suke tsira ko su lalace. Fatar ɗan Adam, fara ce ko baƙa, a lissafin kwamfuta tana zaune ne tsakanin ja da ruwan lemo: ja ya fi yawa, kore na biye, shuɗi ne ƙarami. Abin da ya bambanta su shi ne yawan haske. Shi ya sa ƙarin launi yake fara bayyana a goshi da kumatu, inda fata take sheƙi. Kuma ido ba ya yafe kuskure a fuska. Ki mayar da ganye kore fiye da yadda yake, babu mai tanka miki. Ki karkatar da launin fuska kaɗan, yaro ma zai ce wani abu ba daidai ba.

Fata mai duhu tana da ƙarin wani haɗari. Shawarar da za ki fi cin karo da ita a darussan intanet ita ce ki buɗe kayan aikin lanƙwasa, wannan layin da ya ratsa histogiram daga kusurwa zuwa kusurwa, ki lanƙwasa shi ya yi siffar harafin S: ki ɗaga ɓangaren haske, ki danne ɓangaren duhu. Dabara ce mai kyau, kuma ta fi maɓallin kwantiras nesa ba kusa ba, don ke ce mai zaɓar inda za a taɓa. Sai dai fuska mai duhu mafi yawan bayaninta yana zaune ne a ɓangaren da aka ce ki danne. Ki bi shawarar ido rufe, sai kumatu su haɗe da inuwa. Wannan ba sabon abu ba ne a sana'ar. Shekaru da dama masu wankin hoto suna daidaita injinansu da wani kati na Kodak da ake kira katin Shirley, mai ɗauke da hoton mace farar fata, kuma fuskoki masu duhu suka riƙa fitowa babu cikakken bayani. Yawancin shirye-shiryen gyara na danna-sau-ɗaya da ake rabawa ma ba a kan fuska irin ta Mama aka gwada su ba, don haka kada ki amince da su sai kin duba da idonki.

Abin da za ki yi shi ne ki fara kafa ɗigo a kan layin daidai matakin hasken fuskar, don ya riƙe wurin. A Photoshop da Lightroom akwai ɗan kayan aiki da za ki ɗora a kan kumatu ya nuna miki inda suke a layin. Ki bar wurin yadda yake ko ki ɗan ɗaga shi, sannan ki danne abin da ke ƙasa da shi kawai, kamar gashi da inuwa mai zurfi. Kula da wani tarko kuma: ɗaga fuska don a ga bayaninta daban, haskaka mutum har ya tashi daga launinsa daban. Na biyun ma Mama za ta ce ba ita ba ce. In kin ga lanƙwasar ta sa launi ya yi zafi, a Photoshop ki yi lanƙwasar a kan shimfiɗarta daban (layer), ki mayar da yanayin haɗa ta da hoton zuwa na haske zalla, sai ta taɓa haske ta ƙyale launi. Maɓallan nan na kilariti, mai fito da ƙananan bayanai, da na kawar da hazo kuwa ki nisanta su da fuska. Suna da kyau ga dutse da gini da gajimare, amma a fatar mutum kowane ƙurji da kowace tamoji suke tonowa. In kina son su a bayan hoton, ki yi amfani da burushi ko abin rufe sashe ki shafa su can kawai.

To me ya sa hoton ya yi kyau a wayarki ya ɓaci a takarda? Dalili biyu ne, ɗaya a allo, ɗaya a idonki. Allo haske yake fitarwa, takarda kuwa hasken ɗaki take mayarwa, don haka inuwar da kike hango bayani a cikinta a allo mai ƙuren haske, a takarda baƙi ce kawai. Wayoyi da yawa kuma suna zuwa da saitin allo mai zuzuta launi. Shiga saitin ki mayar da shi na asali. Masu gyara don wanki sukan saukar da hasken allon kwamfuta zuwa wajen kandela 100 zuwa 120 a kowace murabba'in mita, wato ma'aunin hasken allo, wanda ya yi ƙasa sosai da ƙurewar yawancin alluna. In ba ki da na'urar awo, ki buɗe farin shafi a allo, ki riƙe farar takarda kusa da shi a hasken ɗakin, ki rage har su yi kusa da juna.

Na idon ya fi wuyar kamawa. Ido yana sabawa. Ki ƙara launi, bayan ɗan lokaci ya zame miki daidai, sai ki ga kamar da saura, ki sake ƙarawa. Kin ce dare kika raba a kan hoton, a ɗaki mai duhu ina zato, allo yana haska miki fuska. Zuwa ƙarshen daren idonki ya daina zama shaida. Kowa haka yake, ƙwararru ma, shi ya sa suke dogara da histogiram da kwatanta kafin da bayan gyara. A manhajar waya ta Snapseed danne hoton da yatsa yana nuna miki na asali, a Lightroom ma akwai maɓallin hakan. Ki riƙa leƙawa akai-akai. In kin kai inda ya burge ki, ki mayar da maɓallin baya da kusan kashi ɗaya cikin uku. Hoton da ke da muhimmanci kuwa kada ki tura shi ko'ina a daren da kika gyara shi. Ki kwana, ki duba da safe.

Tunda kyamarar tsohuwa ce, akwai abubuwa uku da nake so ki bincika a jikinta, don wataƙila dusashewar tun daga can take. Na farko gilashin lens. Maiƙon yatsa ko ƙura ko hazo a cikinsa suna watsa haske su kashe tazarar haske da duhu, haka ma rana in tana dukan gilashin daga gefe. Goge shi da ƙyallen da aka yi don hakan, ki riƙa sa masa hularsa mai tare hasken gefe yayin ɗauka. Na biyu, duba ko yayanki ya bar ta a tsarin launi na Adobe RGB. Hoton da aka ɗauka a wannan tsari, in aka buɗe shi a manhajar da ba ta gane shi ba, a koɗe yake fitowa. Mayar da ita sRGB, tsarin da kamfanonin HP da Microsoft suka fitar a 1996, wanda shi intanet da yawancin masu wanki suke tsammani. Da shi kuma za ki riƙa fitar da hoto bayan gyara. Na uku, in tana ɗaukar RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta gyara ba, ki koma kansa. Maimakon matakai 256, RAW yana riƙe 4096 ko 16384 a kowane launi, gwargwadon kyamarar. Wannan yalwar ce take ba ki damar buɗe inuwa da miƙa haske ba tare da sama ta tsattsage ta zama layi-layi ba, abin da JPEG yake saurin yi in an matsa masa. Kada ki tsorata in kin ga RAW ya fi JPEG dusashewa da farko; ba a riga an yi masa gyaran injiniyoyin nan ba ne. Ba kuma sai kin sayi manhaja ba: darktable da RawTherapee suna buɗe RAW, GIMP yana da lanƙwasa da shimfiɗu, duka kyauta ne.

In kuma JPEG ne kaɗai a hannunki, ki riƙa aiki a kan kwafi. Duk lokacin da aka gyara JPEG aka sake adana shi, wani abu yana zubewa, musamman bayanin launi, kuma ba ya dawowa. Ina fata ainihin hoton Mama yana nan a katin kyamara ba ki rubuta gyararren a kansa ba.

Idan yana nan, kada ki yi ƙoƙarin ceto wanda kika riga kika gyara. Ɗauko na asalin ki fara daga tushe da rana, allo a sassauce: fari tukuna, sai yawan haske kina kallon fuskar, sai bakin baƙi da bakin fari, sai 'yar lanƙwasa mai kare kumatu. Ki tsaya ki duba. Mai yiwuwa ne ki ga ba ya ma bukatar ƙarin launi. In yana bukata, baibirans kaɗan, kuma ki sa ido a kan jar rigar, in ta kama ma ki rage wa ja ƙarfi har zanen ya dawo. Kafin ki sake biyan babban wanki, ki sa a fitar miki da ƙarami na gwaji, ki kuma roƙi mai wankin ya kashe gyaran da injinsa yake yi da kansa, don injinan da yawa suna ɗora nasu launi da kwantiras a kan naki. In ƙaramin ya fito da duhu, ki ɗan ƙara wa fayil ɗin haske ki sake gwadawa.

Akwai kuma hoton da manhaja ba za ta iya masa komai ba. In a tsakar rana kika ɗauke ta, goshi ya ƙone fari fat tun a kyamara, rabin fuska kuma na cikin inuwa mai kauri, to bayanin bai shiga fayil ɗin ba tun farko, babu maɓallin da zai ƙirƙiro shi. Nan sai ki lallaɓi Mama ta sake zama miki, kusa da taga ko a inuwa mai buɗaɗɗen sarari, hasken yana zuwa mata daga gaba ta ɗan gefe. Ki sa wani ya riƙe farin kwali ta ɓangaren da ya fi duhu don ya mayar mata da haske, ki duba histogiram a bayan kyamara kafin ta tashi.